Lego, Ƙarfe, Maganaɗisu ko Katakon Kafinta: Wanne Zai Raba Ɗan Shekara Goma da Waya?

Dogon hutun bara ne ya jefa ni cikin wannan bincike ba shiri. Da an taso daga Islamiyya, babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya zai laɓaɓa ya ɗauki wayar mahaifiyarsa, ƙanwarsa mai tara ta manne masa a kafaɗa tana leƙe. In na ce a ajiye, amsar ɗaya ce kullum: "Baba, saura kaɗan." Kaɗan ɗin nan takan kai magariba. Na gwada ƙwacewa, ba ta kai ni ko'ina ba, domin yaron da aka raba da waya aka bar shi hannu rabbana, ko dai ya tsokani ƙannensa ko ya sulale unguwa. Dole a saka wa hannun wani abu.

Kayan wasan haɗawa na nufa, wato irin waɗanda yaro zai ƙera mota, gada ko gida da kansa. A shekara guda iri shida sun ratsa gidana a Tudun Wadar Zariya, wasu na saya, wasu aro ne daga gidan ƙanwata a Samaru. Ga abin da na gani.

Ma'aunin da nake aunawa da shi

Na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne rana ta huɗu. Kowane sabon kwali yana riƙe yaro kwana biyu ko uku. To bayan ya gama haɗa hoton da ke jikin kwalin fa? In ya ɗora shi kan kabad ya koma wa waya, kuɗinka ya tafi. In ya wargaza ya soma wani abin daga kansa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na biyu kuɗi, kuma ba na saye kaɗai ba. In guda ɗaya ya ɓata, ana samun madadinsa a Zariya, ko kuwa duk kayan sun zama shara?

Na uku ƙarko, amma da ma'aunin gidajenmu: ƙurar hunturu, zafin bazara, laimar damina, tsakar gida mai yashi, da tsintsiyar safe da ba ta tambaya kafin ta kwashe.

Na huɗu sauƙi. Zai iya somawa shi kaɗai ko sai babba ya zauna da shi? A nan akwai tarko guda da ya kamata a lura da shi: wasu kayan, musamman motoci masu inji, sai da manhajar waya ake tuƙa su. Ka sayi abin raba yaro da waya, sai ga shi yana cewa a ba shi waya ya kunna. An gudu ba a tsira ba. Duba bayan kwalin tun a shago, in ka ga hoton waya, mayar.

Na biyar haɗari. Ɗan shekara goma ba ya kai bulon wasa baki. Ƙaninsa mai rarrafe ne abin tsoro, kuma gidajenmu ba safai suke rasa mai rarrafe ba.

Lego na asali

Kamfanin ƙasar Denmak ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, kuma da kayan wasan katako ya fara. Ƙirar bulon robar da muka sani an yi mata rajista a 1958, kuma bulon wancan lokaci yana shiga na yau daram. Wannan ita ce fa'idarsa babba: abin da ka saya bana zai haɗu da wanda za a kawo wa yaro tsaraba bayan shekara biyar. An lissafa cewa bulo shida masu kai takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi sama da miliyan 915.

Sai dai Lego ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan iyaye ke yin kuskure. Akwai kwalin da aka tsara don ƙera abu guda, kamar motar tsere ko jirgin wani fim. Shi ya fi ɗaukar ido a shago, shi ne kuma ya fi faɗuwa a jarrabawar rana ta huɗu, saboda yaro yana jin tsoron wargaza abin da ya sha wahala a kansa. Akwai Classic, tarin bulo kala-kala ba tare da takamaiman abin ƙerawa ba. Matsakaicin akwatinsa guda 484 ne, babban kuma 790. Yana da kyau ga 'yan bakwai zuwa tara, amma ɗan sha ɗaya kan raina shi in ba shi da tayoyi da yawa. Sai Technic, wanda ya fito a 1977, mai sanduna masu huji, gatari na taya, da giya masu haƙora da ke juya juna. Wannan shi ne na 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Ranar da ɗana ya haɗa sitiyarin da ke juya tayoyin gaba, sai da ya bi ni har zaure yana cewa, "Baba, ashe haka na motar Kawu yake aiki?"

Kuɗinsa kuwa, sai mai hali. Farashinsa yana bin dala ne. Matsakaicin akwatin Classic wajen dala 35 ake sayar da shi a Amurka, kafin a ɗora kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. A Zariya da wuya ka ci karo da na asali a shago. Yawanci sai an yi oda ta intanet, ko an yi sautu daga Kaduna, Kano ko Abuja. Ƙarkonsa ba a magana, jikoki ma za su gada. Abu biyu ne maƙiyansa: rana da ɓata. Kamfanin da kansa yana cewa kada ruwan wanke shi ya wuce digiri 40 na zafi, don haka kada a bar shi cikin mota a rufe a watan Afrilu, kada kuma a shanya shi a rana. Ɓata kuwa, ƙanƙanin guda ɗaya na Technic in ya faɗa yashi, shi ke nan, kuma babu shagon da za ka je ka ce a ba ka irinsa.

Kwaikwayon Lego da na gwanjo

Haƙƙin mallakar ainihin ƙirar bulon ya ƙare tun shekaru da dama, shi ya sa kamfanoni da yawa, galibi na ƙasar Sin, ke yin irinsa. Su ne za ka gani a shagunan kayan yara na kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna, a kan kaso kaɗan na kuɗin na asali. Ba duka ne marasa kyau ba. Wasu suna kamawa sosai har suna shiga na asali. Wasu kuwa araha ba ta ado: ko su yi sako-sako ginin ya zube da an ɗaga shi, ko su ƙame har sai yaro ya sa haƙori.

Na taɓa sayen wani kwalin jirgin sama a wani shago, saboda yaran nan kullum suna ɗaga kai suna kallon ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama suna shawagi. A shafi na ashirin da wani abu na littafin aka tarar babu guntun da ke riƙe fiffike. Na koma, mai shago ya ce, "Alhaji, ai haka suke zuwa." Tun daga ranar nake roƙon a buɗe mini kwali a gabana. Ina ɗaukar bulo biyu in haɗa in girgiza. In sun rabu da kansu, na fasa. Ina kuma shinshinawa, in robar tana warin sinadari mai hawa kai, ba ta shiga gidana.

Gwanjo wata hanya ce da mutane ke mantawa da ita. Masu buɗe dilar kayan wasan yara sukan samu leda cike da bulo a gauraye. Gane na asali ba wuya: a kan kowane ɗan kai na bulon an rubuta LEGO da ƙananan haruffa. Ledar gwanjo ba ta zuwa da littafi, kuma wannan alheri ne, tunda babu hoton da za a kwaikwaya sai abin da ke kan yaro. A wanke da ruwan sabulu mai ɗumi kaɗan, a shanya a inuwa.

Na ƙarfe da noti

Wannan ya girmi Lego. Wani Bature mai suna Frank Hornby ne ya ƙirƙiro shi a Libaful ta ƙasar Ingila, ya yi masa rajista a 1901, daga baya aka sa masa suna Meccano. Falle-fallen ƙarfe ne masu huji a jere, rabin inci tsakanin kowane huji da na kusa da shi, ana ɗaure su da ƙananan noti, da sifana da sukudireba 'yan ƙanana. Kwaikwayonsa na Sin yana shigowa kasuwa lokaci-lokaci, kuma bai kai Lego tsada ba.

Yaron da ke son tsayawa wurin bakanike yana kallo, wannan ne nasa. Abin da aka ɗaure da noti ba ya wargajewa don ya faɗi ƙasa, ana iya tura motar a tsakar gida. Amma yana cin haƙuri. Riƙe noti ɗan mitsitsi da yatsa biyu a lungun da hannu ba ya shiga yakan sa ɗan shekara tara kuka, kuma wargazawa tana ɗaukar lokaci kamar haɗawa, shi ya sa yara da yawa ke yin abu guda su tsaya. 'Yata ta gwada rabin awa ta ce, "Yaya, riƙe kayanka." Na kwaikwayo yakan zo da kaifi a gefe, a shafa da yatsa kafin a biya. Damina kuma tana sa masa tsatsa in an bar shi a ƙasa. Gwangwani mai murfi da ɗan ɗigon man keken ɗinki sun isa magani. In noti ya ɓata, wani lokaci akan dace da mai kama da shi wurin masu gyaran rediyo.

Na maganaɗisu

Iri biyu ne. Akwai fale-falen roba masu maganaɗisu a ɓoye cikin gefensu. Suna da kyau, amma na 'yan uku zuwa bakwai ne, ɗan sha ɗaya zai gama da su kafin la'asar. Akwai kuma sanduna da 'yan ƙwallayen ƙarfe, da ƙananan ƙwallayen maganaɗisu masu kama da duwatsun ado. Waɗannan suna burge manyan yara, amma ni ban yarda da su ba a gidan da ke da ƙananan yara. Yaro in ya haɗiye maganaɗisu biyu ko fiye, suna jan juna ta cikin hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har su huda shi, kuma da farko ba lalle a ga wata alama ba. In haka ta faru, ba a jira a ga ko zai fita da kansa. Asibiti ake nufa nan take, a kuma gaya wa likita cewa maganaɗisu ne. Na roba masu araha ma sukan fashe, abin cikin ya zubo. Amfaninsu bai kai tsadarsu ba.

Katakon kafinta

Wannan ne ya ba ni mamaki. A Turai akwai wani wasa mai suna Kapla, wanda wani mutumin Holan, Tom van der Bruggen, ya fito da shi a 1987. Ba komai ba ne illa 'yan filayen katako, duka girmansu ɗaya, babu gam, babu ƙusa, babu abin maƙalawa. Ana ɗora su ne kawai, nauyi da daidaito su riƙe ginin. Sirrin yana cikin awo: kauri ɗaya, faɗi uku, tsawo goma sha biyar. Wato kauri uku ya yi daidai da faɗi ɗaya, faɗi biyar ya yi daidai da tsawo ɗaya, shi ya sa duk yadda aka juya su suke zama daidai.

Ba sai an yi odarsa daga waje ba. Ka je wurin masu injin yanka katako da awon nan a rubuce: tsawo santimita 12, faɗi 2.4, kauri 0.8. Ka nemi guda 200 aƙalla; ƙasa da haka ba ya isa a yi abin kirki, in yaran sun kai uku ma a ninka. Ragowar katako ake yi da shi, don haka kuɗin aiki ne ya fi yawa.

Karon farko ban dace ba. Kafintan ya dube ni ya ce, "Maigida, wai duk wannan don wasan yara?" Ya yanka da ido, wasu suka fi wasu kauri, hasumiyar ba ta wuce gwiwa take kifewa. Karo na biyu na tsaya a kansa, aka saita injin sau ɗaya aka yanka duka a kai, da busasshen katako mara nauyi, tunda ɗanye yana lanƙwashewa in ya bushe. Gogewa da samfefa kuwa yaran na ba wa, ta cinye musu kwana biyu cur a zaure, babu wanda ya tuna da waya.

Abin da ya biyo baya ya fi. Suka yi hasumiya da ta fi babban ɗana tsawo, sai da ya hau kujera. Sai 'yata, wadda noti ya kora, ta nace sai ta yi rufi mai lanƙwasa irin na tsofaffin soraye. Na ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da tubali da azara, yana turo kowace azara gaba kaɗan a kan ta ƙasa har bakan gizo ya haɗe a sama. Haka ta yi da katakonta, tana turo kowane layi gaba kaɗan, tana danne bayansa da wani don kada ya rinjaya. Ya rushe ya fi sau goma. Da ya tsaya, ta hana kowa tari a ɗakin. Masu cewa kayan gini na maza ne, ban san inda suka samo ba.

Rauninsa: ba ya motsi, ba shi da taya, kuma yana son daɓe mai tauri, sumul, ba ya tsayawa a kan tabarma ko yashi. Mai rarrafe zai rushe aikin awa biyu da hannu ɗaya, a yi kuka, amma aƙalla ba zai iya haɗiye katako mai tsawon santimita 12 ba. A nisanta shi da laima da gara.

Kara, waya da langa-langa

Mu da muka tashi muna ƙera motar kara ba mu san muna da kayan haɗawa ba. Totuwar kara ita ce bulo, ɓawonsa shi ne ƙusa, tsohon silifa a yanka taya, murfin kwalba ya zama fitila. Kyauta ne, kuma babu iyaka ga abin da za a ƙera. Yaran yanzu sukan raina shi, sai an ƙara masa abu guda: ƙaramin injin nan mai juyawa da ake cirowa daga matacciyar rediyon kaset ko na'urar DVD, da batir biyu da guntun waya. Mai gyaran rediyo zai ba ka a kuɗi kaɗan. Da fanka ta juya a kan jirgin kara, raini ya ƙare.

Matsalarsa lokaci ne. Busasshen kara sai bayan girbin dawa, daga kaka zuwa rani, alhali dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Sai dai a ajiye dami guda tun da wuri, ko a koma wa kwali da waya. Ba ya ƙarko, mako ɗaya ya karye, amma wa ya damu. Haɗarinsa shi ne reza, kaifin ɓawon kara da bakin gwangwani. In langa-langa mai tsatsa ya yanki yaro, a je a yi maganar allurar tetanos. A yi amfani da batir na tocila kawai, kada a kusanci soket, kuma a guji ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Yana kuma bukatar wanda zai nuna sau ɗaya, kuma iyaye da yawa hannunsu bai manta ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin somawa | Haɗari | Rana ta huɗu |
|---|---|---|---|---|---|
| Lego na asali | Mai tsada sosai | Shekaru masu yawa | Da sauƙi, hoto ake bi | Ƙanana na iya haɗiyewa | Technic da Classic suna riƙewa, na abu guda ba ya yi |
| Kwaikwayo ko gwanjo | Matsakaici zuwa araha | Sa'a ce | Da sauƙi in bai yi giɓi ba | Haɗiyewa, roba mara kyau | Ledar gwanjo ta fi kwali |
| Ƙarfe da noti | Matsakaici | Mai ƙarfi, sai tsatsa | Da wuya | Kaifi, ƙananan noti | Sai mai haƙuri |
| Maganaɗisu | Mai tsada | Na araha yana fashewa | Da sauƙi ƙwarai | Mafi girma | Gajere |
| Katakon kafinta | Araha | Shekaru in ba laima | Da sauƙi | Kaɗan, sartse in ba a goge ba | Yana riƙewa sosai |
| Kara da ƙaramin inji | Kusan kyauta | Kwanaki | Sai an nuna | Reza, gwangwani, batir | Yana riƙewa in da abokai |

Wanne ya dace da wane gida

In gidanka yara sun yi yawa, ga na maƙwabta ga 'yan hutu, kuma da mai rarrafe, katakon kafinta za ka yi. Shi kaɗai ne mutum biyar za su zauna a kansa ba a yi faɗan "nawa ne" ba, in guda ashirin sun ɓata kuma ka koma a yanko wasu.

In yaro ɗaya ne ko biyu, mai son sanin cikin inji, wanda ya taɓa kwance maka tocila ko fanka, kuma aljihu zai ɗauka, sayi Technic matsakaici wanda ba ya bukatar manhaja. Ka haɗa masa da babban faranti mai baki da zai riƙa aiki a ciki, da bokiti mai murfi, a kuma kafa doka cewa ba a fita da shi tsakar gida. In aljihu bai kai ba, na ƙarfe da noti zai yi masa wannan aikin, muddin ya kai sha ɗaya kuma ba mai saurin fushi ba ne.

In kana son gwadawa ne kafin ka zuba kuɗi, fara da ledar gwanjo ko kwalin kwaikwayo guda da ka buɗe ka gwada a shago. Mako biyu sun isa ka gane ko ɗanka mai bin littafi ne ko mai ƙirƙira daga kansa.

Mai neman tsarabar da za a kai gidan 'yan'uwa, inda bai san shekarun duk yaran gidan ba, ya bar maganaɗisu a shago.

Wanda kuma ba shi da ko sisi a wannan wata, ya tura a samo masa damin kara daga gonakin hanyar Shika ko Giwa in kaka ta yi, ya biya wurin mai gyaran rediyo ya karɓo ƙaramin inji, ya zauna da yaran a zaure ranar Asabar da safe ya ƙera musu ta farko. Rezar ta zauna a aljihunsa.